Kilo 160 a tsakiyar azumi: raunin bayan wani mai tsuguno da ƙarfe a Jidda, daga faruwarsa zuwa warkewa

Mutumin, aikinsa da horonsa

Bahaushe ne haifaffen Jidda, shekarunsa 31, tsawonsa santimita 178, nauyinsa kilo 84. Direban motar rarraba kaya ne, yana kai wa ƙananan shagunan unguwannin kudancin birnin katan-katan na ruwa da man girki da buhunan shinkafa. A rana yakan yi awa 7 zuwa 8 a kan kujerar mota, kuma shi ke sauke yawancin kayan da hannunsa. Bai taɓa ciwon bayan da ya hana shi fita aiki ba, ba shi da hawan jini, ba ya shan taba.

Ya shiga gidan motsa jiki, nadi kamar yadda ake ce masa a can, a watan Satumban 2022. Sau 4 yake zuwa a mako, biyu daga ciki na ƙafa ne. Tsuguno da sanda a kafaɗa, wanda 'yan nadi ke kira sikwat, daga abokai ya koye shi da bidiyon waya. Akwai kyaftin, wato mai horarwa, a wurin, amma bai taɓa tsayawa ya duba masa tsugunonsa daga gefe ba, shi ma bai nema ba.

Kayan wurin ba su da laifi. Sandar ta maza ce, mai kilo 20 da tsawon mita 2.2. Akwai kejin ƙarfe mai ginshiƙai huɗu, da ƙugiyoyin ɗora sanda, da sandunan kariya biyu da ake zurawa a ramukan gefe domin su tare nauyi idan mutum ya kasa tashi. Faya-fayan na baƙin ƙarfe ne, ba masu roba ba, saboda haka an hana jefar da su ƙasa.

Zuwa ƙarshen 2023 yana tsuguna da kilo 120 sau 5, cinyarsa tana sauka daidai da gwiwa ko ƙasa kaɗan. A wata 15 ya kai nan, yana ƙara kilo 2.5 zuwa 5 duk bayan mako biyu ko uku.

Janairu zuwa 10 ga Maris 2024: ƙarin nauyi da alamun farko

A tsakiyar Janairu ya sayi bel na fata mai faɗin santimita 10 da kaurin milimita 10. Ranar da ya fara ɗaura shi ya ɗaga kilo 130 sau 3, sai ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙaru da kilo 10. Ya sa wa kansa burin kilo 160 kafin Sallah. Daga nan tsarin ya sauya: aka bar sau 5 da sau 8, aka koma gwada mafi nauyi kusan kowane mako. A ƙarshen Fabrairu ya yi kilo 140 sau 3, ya yi 150 sau ɗaya.

Bidiyon da abokinsa ya ɗauka a wannan lokacin ya nuna abubuwa uku da babu su a kilo 120. Idan ya kai ƙasa, diddigensa na hagu yana ɗan ɗagawa, ƙugunsa ya lanƙwaso ciki, ƙasan bayansa ya yi doro. Wajen tashi kuma mazaunansa ke riga ƙirjinsa, sanda ta zarce gaba ta bar saitin tsakiyar tafin ƙafa. Sannan yana ɗaure bel ɗin tamau har cikinsa ya shige, ya ja numfashi zuwa ƙirji maimakon ciki.

Na ukun nan yana buƙatar bayani, domin mutane da yawa suna yinsa. Bel ba ya riƙe ƙashin baya da kansa. Amfaninsa shi ne ya zama bangon da ciki zai tura. Mai ɗagawa zai ja iska zuwa ƙasan ciki, ya riƙe ta, ya ƙanƙame naman ciki da na haƙarƙari da na baya, ya tura su waje ta kowane ɓangare. Matsin da ke taruwa a ciki shi ke sa gangar jiki ta tsaya ƙyam, kamar tayar mota da ke ɗaukar lodi muddin akwai iska a cikinta. Bel ɗin da aka matse har babu wurin zura yatsa biyu yana hana cikin buɗewa, sai matsin ya ragu.

A farkon Maris ya fara jin kwankwasonsa ya riƙe idan ya tashi da asuba, sai ya yi minti 20 kafin ya sake. Idan ya daɗe a mota yana jin wani ja a mazauninsa na hagu. Ya ɗauke shi a matsayin gajiyar aiki.

11 zuwa 26 ga Maris: azumi, da daren da abin ya faru

An tashi da azumi a Saudiyya ranar Litinin 11 ga Maris. Aikin rarraba kaya ya ƙaru, kamar kowace shekara. Barcinsa ya koma awa 4 zuwa 5, a rarrabe. Horonsa ya koma bayan Tarawihi, wajen ƙarfe 11 na dare. A mako biyu nauyinsa ya sauka zuwa kilo 81. Nauyin da ke kan sanda kuwa bai rage ba.

Ranar Talata 26 ga Maris ya wuni yana sauke kaya, ya sha ruwa da dabino da sambusa da shinkafa, ruwan da ya sha tsakanin Magariba da shigarsa nadi bai kai lita ɗaya ba. Ɗumin jikinsa shi ne kilo 60 sau 8, kilo 100 sau 5, kilo 140 sau ɗaya. Daga nan ya sa 160: faifai uku na kilo 20 da ɗaya na kilo 10 a kowane gefe, da maƙalan da ke hana su zamewa.

Sandunan kariya suna ramin da wani ya bar su, santimita 55 daga ƙasa. Idan shi ya tsuguna har ƙasa, sandar da ke kafaɗarsa tana tsayawa ne a wajen santimita 95. Tsakanin nauyin da abin da zai tare shi akwai tazarar santimita 40. Abokai biyu ne tare da shi. Ɗaya yana gaba da waya yana ɗauka, ɗayan, wanda ya girme shi, yana tsaye a gefen dama.

Ya sauka da sauri fiye da yadda ya saba. Ya taso kamar santimita 15 sai ya tsaya. Mazaunai suka yi sama, ƙirji ya yi ƙasa, baya ya lanƙwashe. Ya yi daƙiƙa 4 zuwa 5 a haka yana kokawa, mai wayar yana ta cewa, “Yaya, taso! Saura kaɗan!” Ganin ba zai tashi ba, na gefen dama ya kama bakin sandar ya ɗaga. Nauyin ya karkata hagu gaba ɗaya, gangar jikinsa ta murɗe alhali tana lanƙwashe ƙarƙashin kilo 160. A nan ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayansa. Mutum uku suka taru suka mayar da sandar kan ƙugiya.

Ya iya takawa zuwa mota. Zafin a daren yana kwankwaso kawai, ya kimanta shi 6 cikin 10.

27 ga Maris zuwa 14 ga Afrilu: abin da aka gwada a gida

Da asuba bai iya sunkuyawa wanke ƙafa a alwala ba, jikinsa ya karkata dama, tari da atishawa suna soka masa baya. Ya ɗauki hutun aiki ya kwanta. Kwana 6 ya yi ba ya tashi sai sallah da banɗaki.

Daga kemis ya sayi diklofenak mai miligiram 50, yana shan biyu da buɗa-baki, ɗaya da sahur. Wani maƙwabci ya ba shi ibufurofen, ya haɗa. Magungunan biyu dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, haɗarin gyambon ciki da lahanin ƙoda yake ƙarawa, musamman ga mai azumin da jikinsa ke ƙarancin ruwa. A kwana na biyar ƙwannafi da zafin ciki suka sa ya bar ibufurofen ɗin.

Mahaifiyarsa ta sa ana shafa masa man zaitun da na habbatussauda, ana gasa wurin da tawul mai ɗumi. Wannan yana sassauta naman da ya ɗaure na awa ɗaya ko biyu. Wani dattijo a unguwa ya ce baya ne ya goce, ya kwantar da shi rub-da-ciki ya danna masa da ƙarfi. A daren zafin ya sauko mazauni. An yi masa ƙaho a wurin da ke da lasisi, ya ji jikinsa ya yi sakayau kwana biyu, jan da ke mazaunin bai gusa ba. Bel ɗin nadi kuma ya zama abin ɗaurawa tun safe har dare.

Da Sallah ƙarama, Laraba 10 ga Afrilu, zafin bayan ya sauka zuwa 3 cikin 10. Yana kan shan diklofenak.

15 ga Afrilu: komawa nadi

Kwana 20 da rauni ya koma aiki da safe, ya je nadi da dare bayan ya sha magani. Ya ce zai fara da mara nauyi, ya sa kilo 100, wato fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da yake yi sau 5 lokacin da yake lafiya. A tsuguno na huɗu zafi ya tsarga daga mazauni, ta bayan cinya, zuwa sha-raɓa. Washegari gefen tafin ƙafarsa na hagu da ɗan ƙaramin yatsa suka mutu, kamar ba nasa ba. Zama na minti 10 a mota ya gagara. Zafin ƙafar ya kai 8 cikin 10, ya fi na bayan.

18 ga Afrilu zuwa farkon Mayu: asibiti

Likitan ya fara da tambayoyin da ke raba gaggawa da abin da zai iya jira: ko fitsari yana riƙewa ko yana zuba ba da saninsa ba, ko bayan gida yana kuɓuce masa, ko tsakanin cinyoyi da kewayen dubura sun mutu, ko ƙafafu biyu ne suka yi rauni. Duk babu. Da akwai ɗaya daga ciki, alama ce ta an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma wannan aikin tiyata ne na cikin awanni. A Saudiyya lambar motar asibiti 997 ce. Mai irin waɗannan alamun ba ya jiran gari ya waye.

A gwaji, da aka kwantar da shi rigingine aka ɗaga ƙafar hagu a miƙe, zafin ya tsarga a digiri 40. Da aka buga jijiyar agara, ta hagu ta amsa da rauni. Tsayuwa kan yatsun ƙafa ɗaya: dama sau 22, hagu sau 9. Wannan tsari, wato bayan cinya, sha-raɓa, gefen tafin ƙafa da raunin ɗaga diddige, na jijiyar da likitoci ke kira S1 ne.

Saboda raunin ƙafar aka yi masa hoton MRI ranar 28 ga Afrilu. Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai matashin guringuntsi, disk, mai zobe mai tauri a waje da laushi a tsakiya. Nasa na ƙarshe, tsakanin ƙasusuwan da likitoci ke kira L5 da S1, ya ɓullo ta baya wajen hagu yana taɓa jijiyar. Kusan duk irin wannan ɓullowa a ƙasan baya a wurare biyu take faruwa, L4 da L5 ko L5 da S1, domin su ke ɗaukar mafi yawan lodi. Lanƙwasa baya gaba ƙarƙashin nauyi tana matse gaban disk ɗin ta tura laushin baya, murɗawa kuma tana yaga zaren zoben.

Hoton ya kuma nuna ɗan kumburi a L4 da L5, wanda ya tayar masa da hankali. Likitan ya bayyana masa cewa wannan ba ya nufin komai shi kaɗai. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya sami kumburin disk a kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20. Abin da ake yi wa magani shi ne wanda ya dace da alamun da majiyyaci ke ji.

Ba a yi maganar tiyata ba. Yawancin masu irin wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba, kuma jiki kan shanye abin da ya ɓullo a hankali. An tsayar da magani ɗaya na kwana 10 tare da na kare ciki, aka ce ya cire bel, ya daina kwanciyar yini, aka tura shi sashen gashin ƙashi. Sharaɗin shi ne idan raunin ƙafar ya ƙaru, ko mako 6 suka wuce babu ci gaba, a sake zama.

Mayu da Yuni: gashi

Likitan gashin ya fara da neman motsin da ke janye zafi daga ƙafa zuwa baya. Ga wannan majiyyacin, kwanciya rub-da-ciki da ɗago ƙirji da hannuwa, ƙugu yana ƙasa, shi ya yi aiki: bayan sau 10 zafin ya bar sha-raɓa ya tsaya a cinya. Aka ce ya riƙa yi sau 10 duk bayan awa 3. Ƙa'idar da aka ba shi mai sauƙi ce: idan zafi yana hawowa sama zuwa kwankwaso, ko da na kwankwason ya ɗan ƙaru, ana kan hanya, idan yana gangarawa ƙasa, a tsaya. Ba kowane mai ciwon disk wannan motsin ke yi wa daidai ba, shi ya sa ake gwadawa a gaban masani kafin a ɗora mutum a kai.

Tafiya ita ce ta biyu: minti 10 sau 3 a rana a makon farko, ana ƙara minti 5 kowane mako. Saboda zafin Jidda a wannan lokacin, bayan Asuba da bayan Isha yake yi, ta tsakiya kuma a cikin babban kanti mai sanyi. An hana shi sunkuyo mai zurfi a awa ɗaya ta farko bayan farkawa, domin disk yana shan ruwa cikin dare ya kumbura, lanƙwasa shi a lokacin ta fi takura zobensa. Ruku'u da sujada sun yi masa wuya, sai ya yi mako 3 yana sallah a kan kujera. Da farko ya ƙi, yana ganin kunya ce matashi kamarsa ya zauna a sahun tsofaffi, har limamin unguwarsu ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda aka umarci mara lafiya ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe.

Daga mako na uku aka ƙara motsa jiki uku na ƙarfafa gangar jiki ba tare da lanƙwasa ta ba: ɗago kai da kafaɗa kaɗan a kwance rigingine da gwiwa ɗaya a tanƙwashe, tokarewa a gefe kan gwiwar hannu, da miƙe hannu ɗaya da ƙafar ɗaya ɓangaren a durƙushe. Kowanne riƙon daƙiƙa 10, sau 5, sannan 3, sannan 1. Aka haɗa da ɗaga diddige don dawo da ƙarfin sha-raɓa.

A nan aka gano abin da ke sa diddigensa ɗagawa. An sa shi ya tura gwiwa ta taɓa bango ba tare da diddige ya bar ƙasa ba, aka auna nisan babban yatsa daga bangon: dama santimita 11, hagu 5. Ya tuna ya taɓa targaɗe a wannan idon sawun wajen ƙwallo yana yaro. Idon sawun da ba ya lanƙwasuwa yana hana gwiwa tafiya gaba, sai jiki ya nemi zurfin tsugunon daga ƙugu da ƙasan baya.

Ya koma aiki a mako na biyu na Mayu da tawul naɗaɗɗe a bayan kwankwaso, yana fita daga mota duk minti 30, wani yaro kuma yana sauke buhunan. A ƙarshen Mayu ya yi ganganci ya ɗauki katan biyu na ruwa daga ƙasan mota yana juyawa, zafin ya koma cinya na kwana 4 sannan ya lafa. Zuwa ƙarshen Yuni: zafin ƙafa 1 cikin 10, ɗaga ƙafa a miƙe digiri 70, tsayuwa kan yatsu hagu sau 18.

Yuli zuwa Disamba: komawa ƙarƙashin sanda

An fara da tsuguno zuwa kan akwati mai tsawon santimita 45, riƙe da ƙarfe ɗaya mai kilo 12 a ƙirji. Nauyin da ke gaba yana tilasta wa ƙirji tsayawa. A mako 4 ya kai kilo 28, akwatin ya sauka zuwa santimita 38, wanda shi ne iyakar zurfin da yake kaiwa kafin ƙugunsa ya fara lanƙwasowa. Ya buɗe ƙafafu ya ɗan wuce faɗin kafaɗa, yatsu suna kallon waje kaɗan, ya sayi takalmin ɗaga nauyi mai tudun diddige na santimita 2 ya bar takalmin gudu mai laushi da ke lotsawa.

A Agusta ya ɗauki sanda ba faifai, a gaban kyaftin, da waya a gefe a saitin ƙugu. Abin da aka gyara kafin a sa ko kilo ɗaya shi ne kejin. Ƙugiyoyi suka dawo saitin tsakiyar ƙirji, yadda zai ɗago sandar ba tare da ɗage ba. Sandunan kariya: ya tsuguna da sanda har ƙasa, aka zura su a rami na farko da ke ƙasa da ita, tazarar santimita 3 zuwa 5. Ya rubuta lambar ramin a wayarsa. Sannan aka sa shi ya koyi kasawa da gangan. Da kilo 40, ya sauka, ya ci gaba da zama a hankali har sandar ta kwanta kan ƙarafan, ya fito ta gaba. Ya maimaita har abin ya zama jiki. Fita daga ƙugiya taku 3 ne kawai.

An kuma daidaita aikin masu tsaro. Idan mutum ɗaya ne, a baya yake tsayawa, hannuwansa ƙarƙashin hammatar mai ɗagawa, ya sauka tare da shi ya tallafi ƙirji, ba ya taɓa sanda. Idan a gefe za a tsaya, sai mutum biyu, ɗaya kowane baki, su ɗaga lokaci guda da kalma ɗaya da aka yi yarjejeniya a kai. Mutum ɗaya a gefe ɗaya, kamar yadda aka yi a daren Maris, ba tsari ba ne.

Nauyi ya fara daga kilo 40 sau 8, zagaye 3, sau biyu a mako. Ƙarin kilo 5 a mako har 80, daga nan 2.5. Kowane zagaye yana tsayawa ne da sauran ƙarfin yin 2 ko 3. Kowane mako na huɗu ana rage nauyi da kashi ɗaya cikin uku. Ɗumin jiki ya zama sanda kaɗai, sannan matakai 4 ko 5 da tazarar ke raguwa yayin da ake kusantar nauyin ranar. Numfashi sabo a kowane tsuguno, a tsaye, a riƙe har a wuce wurin da ya fi wuya. An auna masa hawan jini kafin a ɗora shi kan wannan riƙon numfashin, domin yana sa jini ya hau sosai na 'yan daƙiƙoƙi: masu bincike a Kanada sun taɓa auna 480 bisa 350 a jikin wani mai tura nauyi da ƙafa, a rahoton 1985. Mai hawan jini ko ciwon zuciya sai ya ga likita tukuna.

Ma'aunin ci gaba shi ne safiyar gobe. Idan ya tashi babu abin da ya gangara ƙafa, kuma bayan bai wuce 2 cikin 10 ba, a ci gaba. Sau ɗaya, a kilo 92.5 cikin Oktoba, jan ya dawo mazauni. Aka koma 80 na mako biyu. Bel ya dawo a kilo 100, a sassauce da rami ɗaya. A Nuwamba ya yi Umra, ɗawafi da sa'ayi a ƙafa, ba zafi. A ƙarshen Disamba ya yi kilo 115 sau 5.

Maris zuwa Mayu 2025: azumi na biyu da inda aka tsaya

Azumi ya kama 1 ga Maris. Ya rage nauyi zuwa kilo 95, zagaye 2, awa biyu bayan buɗa-baki mara nauyi, da ruwa lita 2.5 zuwa 3 tsakanin Magariba da sahur. Daren da barcinsa bai kai awa 5 ba, ko ranar da lodi ya yi yawa, ba ya tsuguno. A goman ƙarshe ya bar sanda gaba ɗaya. Mako 3 bayan Sallah ya dawo 115, a ƙarshen Mayu ya yi kilo 130 sau 5, bayansa a miƙe a bidiyo, da sauran ƙarfi. Tsayuwa kan yatsu: hagu sau 21, dama 23. Gefen ƙaramin yatsan har yanzu bai gama dawowa ba.

Abin da lamarin ya nuna

Tsugunon kansa ba shi ne mai laifi ba. Nazarin da ya tattara bincike kan masu gasar ɗaga nauyi, wanda aka wallafa a 2017, ya sami rauni 1 zuwa 4.4 a kowace awa 1,000 ta horo, kuma wannan mutumin ya yi wata 15 lafiya lau lokacin da yake ƙara nauyi a hankali. Abin da ya sauya shi ne kilo 40 a mako 10, a kan bayan da ke wuni a kujerar mota da dakon kaya, sannan azumi ya zo ya rage barci da ruwa ba a rage ƙarfe ba. Riƙewar asuba da jan mazauni a farkon Maris gargaɗi ne da ya isa a sauke nauyi.

Duk da haka, kasa tashi da nauyi abu ne da ke samun kowane mai ɗagawa, kuma bai kamata ya kai ga asibiti ba. A ganinmu babban kuskuren daren shi ne tazarar santimita 40 ɗin nan. Da sandunan kariya suna inda ya dace, da ya zauna ya ajiye nauyin a daƙiƙa ta farko, da babu kokawar daƙiƙa 5 da baya a lanƙwashe, da abokinsa bai sami dalilin kama baki ɗaya ba. Gyaran bai kai aikin minti ɗaya ba, kuma abin takaici ne yadda ake ganin keji a nadi da yawa da ƙarafan nan jingine a bango.

Komawarsa ta 15 ga Afrilu ta fi daren farko tsada. Kafin ita ciwon yana baya da mazauni. Bayanta ne jijiya ta shiga ciki har ƙafa ta raunana. Maganin kashe zafi ya ɓoye masa ma'aunin da zai gaya masa bai warke ba. Kwanciyar kwana 6 da bel na yini sun ƙara masa taurin jiki, dannar dattijon ta ƙara ciwo, mai da ɗumi da ƙaho sun ba shi sauƙin ɗan lokaci ba tare da sun taɓa abin da ke danne jijiyar ba. Warkewar disk ɗin kuwa, yawancinta aikin lokaci ne da jiki. Abin da gashi da tsarin horo suka yi shi ne hana shi sake fama wurin yayin da yake warkewa, da gyara idon sawu da numfashi da suka sa bayan ke lanƙwashewa tun farko.

Inda haɗarin ya rage yanzu ba a nadi yake ba. A can akwai keji da bidiyo da lissafi. A bayan mota kuwa yana ɗaga katan ɗari a rana bayan dogon zama, sau da yawa yana juyawa da kaya a hannu, kuma a nan ne ciwon ya motsa a Mayun 2024. Shawarar da aka ba shi ita ce ya tsaya ya miƙe na minti ɗaya bayan fitowa daga mota kafin ya taɓa kaya, ya jawo katan jikinsa kafin ya ɗaga, ya juya da ƙafafu, buhu mai kilo 40 kuma su ɗauka su biyu. Idan mutuwar yatsan ta bazu, ko tsayuwa kan yatsun hagu ta sake sauka ƙasa da sau 15, zai ajiye sanda ya koma wurin likita.